Ina zan kai karena yawo a Sakkwato, tunda ba mu da bakin teku?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. A cikin garin Sakkwato nake zaune. Ina da kare namiji, ruwa biyu ne tsakanin Alsatian da na gida, shekararsa 2, nauyinsa kilo 30. Gadi yake yi mana. Da rana yana ɗaure, da dare mu sake shi a tsakar gida. Kwanan nan ya ishe mu: ya haƙe gindin katanga, ya tattaune tiyon ruwa, haushi kuwa har maƙwabta sun fara magana. Ina gani a intanet Turawa na kai karnukansu bakin teku da karkara su yi ta gudu. Mu da ba mu da teku, ina ya dace in kai shi, da wane lokaci, kuma me zan kiyaye?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema: wurin da karen zai sauke ƙarfin da ya taru masa, lokacin da za a yi hakan ba tare da zafi ya illata shi ba, da kuma haɗurran da ke kan hanya. Tun farko ka sani cewa haƙa da tauna da yawan haushin nan ba mugun hali ba ne. Karen da ke da jinin Alsatian, iyayensa da kakanninsa a Jamus kiwon tumaki aka tsara su su yi, su yini suna kai da komowa. Idan aka ɗaure irinsa sa'a goma sha biyu, sai ya nema wa kansa aiki, kuma aikin da zai samu a tsakar gida shi ne wanda ka lissafa.

Teku kam ta yi mana nisa, sai an yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin a gan ta. Amma abin da kare ke samu a bakin teku, wato fili, ƙasa mai laushi, iska mai ɗan sanyi da ƙamshi iri-iri da zai bi da hanci, akwai shi a fadamarmu. Garin Sakkwato yana kusa da inda Gulbin Sakkwato ya haɗu da Gulbin Rima, kuma duk gefen arewa da yammacin gari fadama ce. Bambancinmu da Turawan da kake gani shi ne su wuri suke fara zaɓa, mu kuwa dole lokaci za mu fara zaɓa. Wuri mai kyau a mugun lokaci yana kashe kare a garin nan.

Lokaci kafin wuri

Kare ba ya gumi kamar mutum. In ban da ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa, da haki kawai yake fitar da zafin jikinsa: iska ta bi ta kan harshe da maƙogwaro, danshin da ke wurin ya bushe, jini ya yi sanyi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40, wato iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, ga gudu na ƙara hura wuta daga ciki. Da zarar jikinsa ya kai digiri 41, ƙoda da hanji da ƙwaƙwalwa sun fara taɓuwa.

Don haka a bazara fita ɗaya ce, bayan sallar asuba. Rana na fitowa wajen ƙarfe 6:30 a watan Afrilu, to ku fita da hasken farko, ku dawo kafin ƙarfe 7:30, kuma tafiya ce ta minti 20 zuwa 30, ba gudu ba. Mutane da yawa suna ɗauka bayan la'asar ya yi, alhali kwalta da siminti da rairayi suna riƙe zafi har bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai a hankali. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma zai saluɓe.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin doguwar tafiya. Safiya na da sanyi, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, kuna iya kaiwa ƙarfe 9 a waje. Ranar da hazo ya yi kauri sosai ka rage, musamman in ka ji yana tari. Busasshiyar iskar kuma tana tsattsage tafin ƙafa, sai ka riƙa shafa masa ɗan man kaɗanya da dare.

Damina ce ke yaudarar mutane. Garin ya yi lumshi, zafi ya sauko, sai a ɗauka an tsira. Amma iska na cike da danshi, hakin kare ba ya busar da komai, don haka yana iya galabaita a digiri 32 na watan Agusta kamar yadda zai yi a zafin Afrilu. Nan ma safiya ce, kuma a taƙaice.

Wuraren da suka dace

Mafi kusa kuma mafi sauƙi ita ce fadamar Rima ta wajen hanyar da ta nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wajajen Kwalkwalawa da Dundaye. Ba kan titin za ku bi ba, domin da safe motocin ɗalibai da 'yan kabu-kabu sun cika shi. Ka ajiye abin hawanka a inda ka san mutane, ku sauka kan hanyoyin ƙasa da manoma ke bi zuwa gonakinsu. Da rani ƙasar a bushe take amma ba ta da kaifin marmara, akwai inuwa jefi-jefi, kuma iskar da ke tasowa daga ruwa ta fi ta cikin gari sanyi. Cikin harabar jami'ar kuwa fili ne mai masu shi, kada ka shiga da kare sai da izinin masu tsaronta. Gefen Wamakko ma akwai irin waɗannan hanyoyi, sai dai ka kauce wa titin Kalambaina saboda tirelolin siminti da ƙurarsu.

Tafkin Kware, a kan hanyar Illela, ya dace da fitar ƙarshen mako. Gefensa akwai lambuna da masunta da masu wanki, don haka wuri ne na igiya, ba na saki ba.

Na uku su ne hanyoyin gonakin tudu na kudancin gari, wajen Bodinga da Dange-Shuni. A ganina, daga bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu babu inda ya kai su. An girbe gero da dawa, fili ya buɗe kana hangen nesa, ƙasar jigawa ce mai laushi da ke sa kare aiki da cinyoyinsa ba tare da ta buga masa gaɓoɓi ba. Aibinsu biyu ne: babu ruwa, sai wanda ka ɗauko, sannan ga ƙarangiya da tsidau.

Za a ce maka madatsar ruwan Goronyo da fadamar Wurno sun fi duk waɗannan kyau, kuma gaskiya ne. Amma halin tsaro a gabashin jihar a shekarun nan bai bar wurin yawon asuba ga mutum shi kaɗai ba, haka ma wajajen Tangaza da Gudu. Ko a kusa da gari, ka fara zuwa wurin da rana ba tare da karen ba, ka gaisa da masu gonaki, ka tambayi wanda ke kwana yana tashi a wurin. Labarinsu na yau ya fi duk abin da zan rubuta maka a nan.

Mutane da dabbobinsu

Wannan ɓangaren ne ya fi jawo rigima, ba zafi ko maciji ba. Ka san garinmu: da yawa ba sa son kare ya shinshina musu tufafi, balle da asuba suna kan hanyar masallaci. Ka bari a fito daga salla, ka bi bayan layi, kuma a cikin gari igiyar kada ta wuce mita 1 da rabi, karen na gefenka na nesa da mutane. A bakin gulbi ka nisanci mashaya da wurin wanki da inda ake alwala. In za ka bari ya taɓa ruwa, to ta ƙasan inda mutane suke, ba ta samansu ba. Kashinsa kuma ka kwashe a leda ko ka binne shi da nisa daga lambu, domin ƙwan tsutsar ciki da ke cikinsa yana kama yara.

Burtali hanyar dabbobi ce, su ke da ita. In ka hango garke, ka janye karen gefe tun da nisa, ka sa shi ya zauna, ka tsaya tsakaninsa da dabbobin har su wuce. Jar akuya da ɗanta in suka zabura da gudu, duk horon da ka yi masa yana iya tashi a banza, kuma tunkiya mai ciki tana iya ɓari don kora kawai ko bai cije ta ba. Biyan diyya na kanka, ga ɓacin ran da ba ya gyaruwa da kuɗi. Saniya mai ɗan maraƙi tana kai suka, jaki da raƙumi kuwa harbi ɗaya ya isa ya karya haƙarƙari. Karnukan makiyaya da na mafarauta sukan zo su uku ko huɗu. In sun taso, kada ku gudu, ka juya da shi a hankali ku bar musu wurin. Tunda naka karen gadi ne, in ya taɓa kai wa wani cizo, ka sa masa takunkumi irin mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki. Na ƙyalle mai ɗaure baki gam haɗari ne a zafinmu.

Yadda za a tsara tafiyar

Karen da ya shekara a ɗaure yana da zafin nama amma ba shi da juriya, tafin ƙafarsa kuma bai yi kanta ba. Makon farko minti 20 ya isa, kimanin kilomita 1 da rabi zuwa 2. Ka riƙa ƙara minti 10 duk mako. Cikin wata ɗaya da rabi, in hunturu ne, zai iya sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kilomita 5 zuwa 8. Kullum kaɗan-kaɗan ya fi a tara masa ranar Asabar.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa. Ɗamarar ƙirji ta fi abin wuya, domin mai ja da ƙarfi yana shaƙe kansa, shaƙewa kuma na hana haki. Gajeriyar igiya ta cikin gari, da doguwa mai mita 8 zuwa 10 ta fili. Igiyar nailan mai kaurin yatsa daga kasuwa ta wadatar, ka ƙulla mata ƙulli duk bayan mita biyu don riƙo, kuma kada ka naɗe ta a yatsunka. Ruwa lita 1 da rabi na karen kaɗai a fitar sa'a ɗaya, da ƙaramin kwano. Ka ba shi kamar kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada ka bari ya kwankwaɗi lita guda a tashi ɗaya. Abinci kuwa sai an dawo ya huta na sa'a ɗaya. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin Alsatian cikinsu na iya murɗewa in sun yi gudu da cikakken tumbi. Alamarsa ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, kuma wannan aikin tiyata ne na gaggawa.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Ba tsawon tafiya kaɗai ke gajiyar da kare ba, aikin hanci ne. Minti goma na farko ku yi tafiya mai sauri a gajeriyar igiya, ya sauke zumuɗi. Da kun isa fili ka sauya doguwar, ka bar shi ya shinshina duk abin da ya ga dama, ko zai yi minti biyu a gindin gawo ɗaya kada ka ja shi. A tsakiya ka yi masa horon kira: ka kira sunansa sau ɗaya, in ya zo ka ba shi ɗan guntun busasshen nama mara yaji, ka sake shi ya koma. Sau biyar ko shida a kowace fita. Wani lokaci ka watsa 'yan guntayen a cikin ciyawa mai tsabta ya nema da kansa. Karen da ya yi minti 40 a haka yakan dawo ya kwanta ya yi barci, fiye da wanda aka tsere da shi. Wannan ma shi ne mafita a bazara, lokacin da ba a iya nisa: abincinsa na yamma a ɓoye shi wuri biyar a tsakar gida ya nemo.

Kada ka ɗaura shi a babur ka ja. Ana kawo mana irin waɗannan da tafin ƙafa a saɓule, domin kare ba ya iya cewa ya gaji, zai bi ka har ya faɗi. Sakin igiya gaba ɗaya kuma sai ranar da ka kira shi ya baro abin da yake bi ya dawo, a fili marar dabbobi. Wasu karnukan ba sa kaiwa wannan matsayi har abada, kuma doguwar igiya ta ishe su.

Ruwan gulbi da abin da ke cikin fadama

Iyo motsa jiki ne mai kyau, amma Rima ba ta da tabbas. Ana sako ruwa daga madatsar Goronyo, kuma a ƙarshen damina yakan cika ya yi ƙarfi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a sun san abin da nake nufi. Daga Yuli zuwa Oktoba kada ya shiga. Da rani ka zaɓi inda ruwa ke gudu a hankali, gaɓar na da gangare mai sauƙi, zurfin bai wuce ƙirjinsa ba. Ka duba ko masunta sun kafa raga ko mamari, domin ƙugiya a leɓe ko a tafin ƙafa ba a fizge ta, sai likita ya cire. Kududdufi mai kore-kore a sama da ruwan da ya kwanta a gonar shinkafa kada ya sha. Ana samun guba a irin wannan koren, akwai cutar da ke zuwa ta fitsarin ɓera ta lalata ƙoda da hanta, ga maganin feshi na ciyawa da na ƙwari da ke gangarowa daga gonaki.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, kuma ya shafe mu sosai: albasa da tafarnuwa guba ne ga kare. Suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanye ko dafaffe. Ga kare mai kilo 30, kimanin rabin kilo na albasa ya isa ya kwantar da shi, tafarnuwa kuwa ƙasa da haka, kuma kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Alamar ba ta fitowa sai bayan kwana biyu zuwa huɗu: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko ruwan ƙasa. Fadamarmu cike take da su lokacin cira, ana zubar da ruɓaɓɓu a bakin hanya. Haka mushe, kayan cikin kifi da masunta suka yar, da abincin da aka sa wa maganin ɓera a bakin rumbu. Ka koya masa kalmar "bari" tun a gida. Tumfafiya ma kada ya tauna, ruwanta na ƙona baki da ido.

Macizai sun fi fitowa farkon damina da lokacin kaka. Kububuwa da kasa ba sa gudu, kwanciya suke a gindin kara da tarin duwatsu, kuma kare da hanci yake zuwa, shi ya sa saran yakan kasance a fuska ko ƙafar gaba. In ya faru, kada a tsaga, kada a ɗaure da igiya, kada a tsotsa. Ka ɗauke shi, kada ya taka, ka cire abin wuya kafin kumburi, ku nufi asibiti. In gamsheƙa ce ta fesa masa dafi a ido, ka yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 kafin ku tashi.

Alamomin zafi ya kama shi

Harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri yana igiya, ya fara neman inuwa yana kwanciya, ko ka kira ya yi kamar bai ji ba: ku tsaya nan take. In ya kai ga tangaɗi, amai, dasashi ya yi ja wur ko ya yi shuɗi-shuɗi, to sanyaya shi ake fara yi kafin a ɗauke shi. Ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa a wuya da ciki da hammata da tsakanin cinyoyi har ya jiƙe zuwa fata, ka yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. Kada ka ɗura masa ruwa a baki in ba ya iya sha da kansa. Sannan ku tafi asibitin dabbobi da gilashin mota a buɗe, ko da ya miƙe ya warware, domin illar ƙoda takan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku. Paracetamol da ibuprofen ba sa sauke irin wannan zafi, kuma suna iya kashe shi.

Kafin fitar farko da bayan kowace fita

Kare mai fita fadama zai haɗu da karnukan da ba a taɓa yi wa allura ba. Allurar ciwon haukar kare dole ce, ana farawa daga wata 3, a sabunta duk shekara, ka ajiye katin. Sai allurar haɗaka da ake kira DHLPP, wadda ta ƙunshi cutar gudawar jini da ta fitsarin ɓera. Maganin tsutsar ciki duk wata 3. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na jami'a da asibitin dabbobi na jiha duk suna wannan aiki. In wani kare ya cije shi, ko shi ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Kun dawo gida, ka ba shi minti biyar na dubawa. Ka buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, nan ƙarangiya ke maƙalewa ta huda fata ta yi ƙurji. Ka leƙa cikin kunne, ƙarƙashin abin wuya, hammata da gindin wutsiya don kaska. In ka samu, ka kama ta daf da fata da ɗan hantsaki ka ja a miƙe a hankali, ba da kananzir ko wuta ba. Kaska na sa zazzaɓin da ke shanye jini, kuma yana cikin abin da ya fi kawo karnuka wurinmu da damina. Akwai ƙwayoyin maganin kaska da ake ba karnuka duk wata ko duk wata 3, likita zai auna da nauyinsa. Maganin ƙwari na gona ko na sauro irin su Sniper kada ya taɓa jikinsa ko kaɗan.

Duk wannan na faɗa ne a kan lafiyayyen kare mai shekara 2, kuma ban duba naka da hannuna ba. Jinin Alsatian na da yawan matsalar ƙugu. In ka ga yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle da su tare in zai yi gudu, ko yana wahalar tashi washegarin tafiya, ko haƙarƙarinsa ba sa taɓuwa don ƙiba, ka kai shi a duba kafin ka ƙara nisa. Mai karanta wannan da ke da ɗan kwikwiyo ƙasa da shekara ɗaya da rabi, ko kare mai gajeren hanci, ko mai yawan gashi, lissafinsa daban ne, ya rage sosai. Kai kuma Malam, in ka yi mako huɗu kana fitar nan haushin dare bai ragu ba, sai a duba wajen ɗaurin rana: a sauya sarƙa da ɗan keji mai faɗi a inuwa, mita 3 a kan mita 4, da ruwa a gabansa koyaushe, sannan a lura ko wani abu ne a bayan katanga yake tayar da shi a lokaci ɗaya kowane dare.